Birkin Tifa da Ƙafar Ƙanena

Litinin, 15 ga Janairu, 2024

Bayan la'asar Alhaji mai tifa ya aiko mutum uku gidanmu: ƙaninsa, da manajan garejinsa, da wani dattijo da aka ce limamin unguwarsu ne. Sun zo da buhun shinkafa da katan na madara da ambulan mai kauri. Baffa ya shimfiɗa musu tabarma a zaure.

Tun tsakiyar Disamba tifarsu, ɗauke da yashi, ta kwashi ƙanena da babur ɗinsa a titin Haɗeja, yana tsaye yana jiran danja ta ba shi hannu. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ƙafar dama ba ta tsira ba, an yanke ta ƙasa da gwiwa. Tela ne. Da wannan ƙafa yake taka keken da ke ciyar da matarsa da 'ya'yansa biyu, har da Inna.

Dattijon ya yi magana mai daɗi a kan ƙaddara da haƙuri, kuma babu abin da ya faɗa da ba gaskiya ba. Da ya gama, manaja ya turo ambulan, ya ce naira dubu ɗari biyar ce, a rage zafi. Sai ya zaro wata takarda da Turanci, ya ce a sa hannu don magana ta mutu. Na karɓa na karanta. Layin ƙarshe cewa yake ƙanena da iyalinsa sun yafe duk wani haƙƙi, na yanzu da na nan gaba, a kowace kotu. Na ce za mu yi shawara. Mun karɓi shinkafa da madara a matsayin dubiya, mun mayar da ambulan da takarda. Baffa bai ji daɗin haka ba.

Talata, 16 ga Janairu

Asibiti. Na tarar da ƙanena yana laluben ƙarshen gado da hannu, wai babban yatsansa ke masa ƙaiƙayi, yatsan da babu shi. Nas ta ce haka abin yake ga yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa, jijiyoyi ne ke ci gaba da kai saƙo ƙwaƙwalwa, kuma yana raguwa sannu a hankali.

Na ba shi labarin jiya. Ya ce, "Yaya, a bar maganar nan. Abin da Allah ya rubuta ya riga ya faru." Ban ja da shi ba, domin wanda ke kwance da ciwo ba ya son doguwar magana. A baranda matarsa ta lissafa mini abin da ya tafi: 'yan kunnenta na zinariya, da tumaki biyu na Inna, da kuɗin adashen shago, da bashin da ake bin mu a kemis. Abin da ke cikin ambulan bai kai wanda aka riga aka kashe ba, balle abin da ke gaba.

Laraba, 17 ga Janairu

Wani abokin aikina a makaranta ya haɗa ni da lauya. Tambayar farko da Barista ya yi mini ita ce, "Motar ta gwamnati ce?" Na ce a'a. Ya ce alhamdu lillahi, domin akwai tsohuwar doka mai kare jami'an gwamnati, wadda ta ce a shigar da ƙara a kansu cikin wata uku, kuma mutane da yawa sun rasa haƙƙinsu suna kan gadon asibiti ba su sani ba. A kan ɗan kasuwa wa'adin ya fi haka tsawo, amma shi ma yana ƙarewa, kuma shaidu suna watsewa tun kafin ya ƙare.

Ya ce alƙali ba zai tambaye mu ko ƙanena abin tausayi ne ba. Zai nemi mu nuna cewa direba da mai mota suna da nauyin kula da lafiyar sauran masu bin hanya, cewa sun saki wannan nauyi, cewa sakin nan ne ya jawo haɗarin, sannan mu nuna asarar da aka yi. Ya ba ni labarin inda ka'idar ta samo asali, labarin da ya ce babu ɗalibin lauya a Najeriya da bai haddace shi ba. A 1928, a garin Paisley na ƙasar Sikotilan, wata mata mai suna May Donoghue ta sha lemon citta da aka saya mata, sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi ya fito daga kwalbar, wadda ba a ganin cikinta. Ba ita ta biya kuɗin ba, don haka babu ciniki tsakaninta da mai kamfanin, David Stevenson. Duk da haka a 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta ce tana da damar ƙararsa. Alƙali Atkin ya kafa hukuncinsa a kan maƙwabtaka: duk wanda hankali ya nuna maka cewa aikinka zai iya cutar da shi, maƙwabcinka ne a gaban doka, kuma wajibi ne ka kiyaye shi. Na ce masa mu ma da haƙƙin maƙwabci aka raine mu. Ya ce to, wanda ya ɗora yashi a mota ya hau titi, duk mai babur da ke gabansa maƙwabcinsa ne.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne wannan: ba direba kaɗai za a nema ba. Muddin yana bakin aikin ubangidansa lokacin da abin ya faru, doka tana ɗora wa ubangidan alhaki. Game da kuɗin aiki, ya ce za mu biya na shigar da takardu, ladansa kuma ya ɗauki wani kaso daga abin da aka samu, a rubuta yarjejeniyar tun yanzu. Ya ƙara da cewa wanda ba shi da halin lauya sam yana iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, domin neman diyyar haɗari na cikin ayyukanta. Ban taɓa jin wannan ba, kuma na tabbata yawancin masu jinya a ɗakin da ƙanena ke kwance ba su taɓa ji ba.

Alhamis, 18 ga Janairu

Ranar rasit. Barista ya ce diyya iri biyu ce. Akwai wadda ake ƙirgawa, kamar kuɗin tiyata da magani da babur da cinikin da ya tsaya, kuma wannan kotu ba ta ba da ko sisi sai an jera ta dalla-dalla an kawo hujja. Akwai kuma wadda alƙali ke ƙiyastawa da kansa: azabar ciwo, da rashin gaɓa, da rayuwar da ta sauya.

Na juye jakar ledar da matar ƙanena ke tara takardu. Na asibiti suna nan. Na kemis kusan babu, domin wa ke neman rasit da ƙarfe biyun dare yana gudu da allura a hannu? Na koma wajen mai kemis, Allah ya saka masa da alheri, ya buɗe littafin bashinsa ya rubuto mana komai da kwanan wata, ya buga hatimi. Kuɗin adaidaita sahu da abincin masu jinya da abin da aka bai wa waɗanda suka ba da jini, waɗannan sun bi ruwa.

Da yamma na je shago na ɗauko littafin awo. A ciki ƙanena yake rubuta sunan mai kaya, da yadi nawa, da kuɗin ɗinki, da abin da aka bayar na kafin alƙalami. Shekara uku a jere, da watannin azumi da ya kwana yana ɗinki. Barista ya ce wannan littafi zai yi masa magana a kotu fiye da kowane shaida, domin mai sana'ar hannu ba shi da takardar albashi.

Juma'a, 19 ga Janairu

Bayan an sauko daga masallaci na bi Malam gida. A wajensa na sauke Risala ina saurayi, kuma maganar da ke cin raina ba ta lauya ba ce. Na ce, "Allah gafarta Malam, ana ce mana neman diyya ja ne da ƙaddara."

Ya ce wanda ya ƙaddara haɗarin shi ne ya shar'anta diyyar. Ya tuna mini babin da muka karanta tare: diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Hannu ɗaya rabin diyya, ido ɗaya rabin diyya, ƙafa ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Duk wannan a kan kuskure ake magana, wanda babu niyya a ciki. Ya ce malaman Malikiyya sun lamunta wa mai hawan dabba da mai janta da mai korarta duk abin da ta taka, to ina ga wanda ya hau ƙarfe? Ya ƙara da cewa ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga inda ya tsaya, saboda haka sa hannu a takarda alhali dungulmin bai gama haɗewa ba gaggawa ce.

Na yi lissafi a zuci. Dinari ɗaya giram 4.25 ne, ke nan rabin diyya ya haura kilo biyu na zinariya. Na tuna ambulan ta ranar Litinin, sai na ji kunyar abin ta kama ni a madadin waɗanda suka kawo ta.

Na tambaye shi wane ne zai biya irin wannan dukiya, tunda direban talaka ne. Ya ce shi ya sa shari'a ta ɗora diyyar kuskure a kan aƙila, wato dangin mutum na wajen uba, su haɗa, kuma cikakkiyar diyya a shekara uku ake biyanta. Yanzu da dangi suka warwatsu, wasu malaman zamani suna ganin ƙungiyar sana'a ko inshorar takaful na iya tsayawa a wannan gurbi. Yafiya kuwa alheri ce babba, in ji shi, amma ta mai haƙƙi ce, bayan ya san girman haƙƙin nasa. Ba baffansa ke yafewa ba, ba yayansa ba, kuma ba a matsa masa.

Asabar, 20 ga Janairu

Taron gida a ɗakin Inna. Baffa ya ce faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Ya kawo misalin da duk Bakano ya sani: annobar sanƙarau ta 1996, da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200, 11 daga ciki suka rasu, wasu suka kurumce ko suka shanye. Kamfanin bai amsa laifi ba, an yi ta shari'a a nan da Amurka, sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kuma sai 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. "Shekara goma sha biyar," in ji Baffa, "da gwamnati a bayansu. Ku wa ke bayanku?"

Tambayar tana da nauyi, kuma ba don son rai ya yi ta ba. Ya ga mutane sun sayar da gona sun zuba a shari'a sun mutu ba a gama ba. Amsar da na ba shi ita ce da iyayen yaran nan sun yi shiru, ko wannan ɗin ba za a samu ba, kuma ba za a taɓa sanin abin da ya faru a asibitin ba. Kawu ya goyi bayana.

Inna ba ta ce komai ba sai da kowa ya gama. Ba ta kiran sunana, don haka sai ta dubi gefen da nake ta ce, "Kai wannan, ni dai kada a zalunci kowa, kada kuma a bari a zalunci yaron nan da 'ya'yansa." Aka tashi a kan za a ci gaba da tattara takardu, amma kalma ta ƙarshe tana bakin mai ƙafa.

Litinin, 22 ga Janairu

Ni da Barista a ofishin 'yan sanda, sashen haɗurran mota. Tifar tana nan a faka, da guntun murfin fitilar babur maƙale a ƙarƙashin bamba. Mun nemi kwafin zanen wurin haɗari da rahoton jami'an VIO masu duba lafiyar mota. Zanen ya nuna babu alamar jan birki a kwalta ko kaɗan. Rahoton ya ce birkin ba ya kamawa, iska na zuba. Barista ya karanta sau biyu, ya sa a jaka.

Mun haɗu da manajan gareji yana neman a saki motar, wai kullum tana tsaye asara suke yi. Barista ya rubuta takarda a nan take cewa kada a sake ta sai an ɗauki hotunan birkin.

A hanya ya fayyace mini abin da ya rikita ni. Gurfanar da direba gaban majistare kan tuƙin ganganci magana ce tsakaninsa da hukuma, kuma tarar da aka ci shi aljihun gwamnati take shiga. Neman diyya ƙara ce daban, mu za mu shigar da ita da kanmu. Mutane da yawa suna jin an kai direba kotu sai su koma gida suna jira a kira su.

Talata, 23 ga Janairu

Tun dokar 1945 wajibi ne kowace mota da ke hawa titi ta kasance da inshorar da ke biyan wanda aka buge. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga ƙaramar mota daga naira 5,000 zuwa 15,000, na manyan motocin dakon kaya kuma ya koma 100,000. Yawancinmu muna ɗaukarta takardar da ake nuna wa ɗan sanda a shingen hanya, alhali don rana irin tamu aka yi ta.

Barista ya sa lambar tifar a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ke intanet. Babu ita. Ya kira kamfanin da sunansa ke kan takardar da aka miƙa wa 'yan sanda, suka ce lambar ba tasu ba ce. Takardar bogi ce, irin wadda ake bugawa a gindin bishiya. Ma'anarsa duk abin da kotu ta yanke daga aljihun Alhaji zai fito. Yanzu na gane gaggawar da aka yi da ambulan.

Laraba, 24 ga Janairu

Bayan isha'i wani yaro ya yi sallama, ya ce ba zai shigo ba. Yaron motar tifar ne, da ƙyar zai kai shekara ashirin. A tsaye a bakin ƙofa, cikin sanyin hunturu, ya gaya mini abin da ya hana shi barci. Tun kafin haɗarin direba yake kai ƙorafin birki gareji. Bakanike ya duba ya ce sai an sauya kaya. Manaja ya ce a lallaɓa, akwai kwangilar yashi, in an gama a gyara. Kuma a kan lodi ake biyansu, wanda ya ajiye mota ranar nan gidansa ba a ɗora tukunya. Ya ce, "Yallaɓai, wallahi oga ya taka birki har ƙasa, yana salati, yana danna oda."

Na daɗe a tsaye bayan ya tafi. Tun Disamba nake riƙe da direban nan a zuciya, yau kuma na ga inda abin ya faro. Wani ya zauna a ofis ya auna kuɗin gyaran birki da kuɗin lodin yashi, ya zaɓi yashi. Wannan shawara ce aka yanke ido biyu. In ƙafar mutum ta tashi a naira dubu ɗari biyar da buhun shinkafa, gobe ma haka za a sake aunawa, kuma lissafin zai sake fitowa daidai a wajensu. Direban yana da nasa laifin, da ya hau motar da ya san halinta, amma shi ma yunwa aka nuna masa.

Alhamis, 25 ga Janairu

Takardar neman diyya ta tafi ga kamfanin Alhaji, da wa'adin kwana bakwai. Likitan ƙashi ya rubuta mana rahoto. Ya ce sai dungulmin ya warke ya saɓe kafin a auna ƙafar roba, kuma ƙafar ba ta dawwama, ana sauya ta bayan 'yan shekaru, ga gyara, ga gashi da motsa jiki. Ƙanena bai kai arba'in ba. Barista ya sa wannan duka cikin lissafin kuɗin gaba, abin da babu wanda ya tuna da shi a cikinmu.

Juma'a, 26 ga Janairu

Na leƙa shagon ƙanena. Yaransa biyu suna riƙe da shi, amma masu kawo shadda da aikin hannu sun fara janyewa, domin yankansa suke bi. Babban yaron ya ce in aka sa wa keken mota mai aiki da lantarki, oga zai iya dannawa da ƙafar hagu. Sai dai wuta, sai dai janareto, sai dai man da za a zuba masa, kuma tun da aka cire tallafi a bara kowa ya san yadda lita ta koma. Azumi saura mako shida da 'yan kwanaki, lokacin da tela ke haɗa abincin rabin shekara.

Litinin, 29 ga Janairu

An sallami ƙanena daga asibiti. Ya shiga gida da sanduna biyu, ƙaramar 'yarsa ta ɓuya a bayan uwarta. Maƙwabta sun yi ta shigowa har dare.

Talata, 30 ga Janairu

Alhaji da kansa, tare da lauyansa. Dattijo ne mai natsuwa, ya durƙusa ya gai da Inna, ya riƙe hannun ƙanena, na ga idonsa ya kawo ruwa. Ban ɗauke shi mugu ba. Ya ninka tayin farko sau huɗu, ya ce zai sayi ƙafar roba ta farko.

Lauyansa ne ya ɓata zaman. Ya ce in aka je kotu za su nuna cewa ƙanena ba ya sanye da hular kwano. Barista ya amsa cikin sanyin murya cewa gaskiya ne kotu tana rage diyya gwargwadon sakacin wanda aka ji wa ciwo, amma sai sakacin yana da hannu a raunin. Kansa lafiya lau, ƙafa aka taka, kuma a tsaye yake a danja. Sai ya ajiye kwafin rahoton birki a kan tabarma, da sakamakon binciken inshora. Alhaji ya juya ya dubi manajansa, kallon da ya nuna mini akwai abin da bai sani ba. Barista ya ce ƙofar sulhu a buɗe take, a nan ko a zauren sulhu na babbar kotu, inda ake zama da mai shiga tsakani a rubuta yarjejeniya alƙali ya tabbatar da ita. Sharaɗi ɗaya ne: a fara daga lissafin likita da littafin awo. Suka ce za su yi shawara.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Kotun majistare. An karanta wa direba tuhuma, an ɗage zama. A waje wata mata da goyo ta tare ni, ta durƙusa, ta ce ita ce matarsa, mu yi masa rai. Na ce mata ba ɗaurinsa muke nema ba. Ta ce tun ranar haɗarin ba a ba su ko kwabo daga gareji ba. Na ba ta abin da ke aljihuna na mota.

Wa'adin takarda ya cika yau. Babu amsa.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Da dare ƙanena ya aika a kira ni. Na same shi zaune a bakin gado da littafin awo a cinya, yana buɗe shafukan azumin bara. Na faɗa masa komai ba tare da na rage ba: abin da Malam ya ce, da abin da yaron mota ya ce, da tsoron Baffa, da gargaɗin Barista cewa shari'a na iya cin shekaru, ana iya ɗaukaka ƙara, kuma samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, direban na yafe masa tsakanina da Allah. Amma abincin yaran nan ba nawa ba ne da zan yafe. Kuma motocin nan na Alhaji guda nawa ne ke kan titi yanzu?" Na ce ban ƙirga ba, amma garejin cike yake. Ya ce a shigar.

Da na gaya wa Baffa da safe zan je wajen Barista, sai ya ce in biyo ta gidansa, zai ba da nasa gudummawar kuɗin takardu.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Yanzu ƙa'ida ita ce a shigar da ƙara tare da bayanan shaidu a rubuce bisa rantsuwa da duk takardun da za a dogara da su. Mun ɗauko ƙanena a adaidaita sahu, aka karanta masa bayaninsa da Hausa, ya sa hannu. Mai shayin da ke bakin danjar, wanda ya ga komai kuma ya taimaka aka zaro shi, ya rufe teburinsa ya zo. Bakanike ya aiko cewa a yi masa haƙuri, a garejin yake ci. Ban ga laifinsa sosai ba, kuma Barista ya ce kotu na iya kiransa da sammaci in an buƙata.

Yaron mota ya iso dab da za a tashi. An kore shi daga aiki tun ranar Laraba. Ya dangwala yatsa a ƙasan bayaninsa. Kawu ya ce ya zo shagonsa na Kantin Kwari gobe, akwai aikin ɗaukar kaya.

Talata, 6 ga Fabrairu

An shigar da ƙara a Babbar Kotun Jiha, an biya kuɗin rajista, an ba mu lamba. Waɗanda ake ƙara biyu ne, direba da kamfanin da ya mallaki tifar. Ma'aikacin kotu zai kai musu sammaci cikin makon nan. Barista ya ce ko bayan haka in Alhaji ya zo da magana mai ma'ana za a zauna, kuma ya umarce mu da mu ci gaba da karɓar rasit a kan kowace ƙwayar magani da kowane zuwa wankin ciwo. Ranar Alhamis za a koma asibiti a duba dungulmin, a faɗa mana lokacin da za a auna ƙafar.